Masu sayen alƙalamin salula

Tun da kayan Farm Centre ta Kano suka fara ƙetaro iyaka ta Babura da Maigatari, teburin mai cajin waya a Sassumbrum ya yi sabon baƙo: ɗan alƙalamin nan da ake taɓa gilashin salula da shi. Ko ɗigon tawada babu a cikinsa, amma ya fallasa halin mutane da yawa.

Alhaji mai hatsi tambayarsa guda ce: "Yaro, wanne ya fi tsada?" An ba shi labarin Apple Pencil, wanda ya fito a 2015, ya yi aike aka kawo masa, ya ɗora shi kan Tecno. Shiru kake ji. Abin ba ya jin kiran kowa sai iPad, shi ma S Pen na Samsung sai wayar da aka shimfiɗa masa nasa kayan ƙarƙashin gilashi. Alhaji bai yi asara ba dai: alƙalamin na soke a aljihun gaba, ana gaishe shi kowace Juma'a.

Alaramma ya fi ban tausayi. Ajami yake son rubutawa. Ya juya alƙalamin, ya dubi kan robar nan mai dunƙule, ya ce, "Wane almajirin ne ya feƙe wannan?" Ya koma gida ya sa masa aska. To ashe robar ce ke kai 'yar wutar jikin mutum ga gilashi, kuma gilashin sai ya ji faɗi irin na kan yatsa kafin ya amsa. Da bakin ya tsinine yadda Malam ke so, waya ta daina sanin sa. Har yau laifin na 'yan Sin ne.

Akwai matsolo, wanda ya rantse ko dala ba za ta fita ba. Ya naɗe tsohon bik da takarda mai ƙyalli ta kwalin taba, ya cusa auduga a baki, ya jiƙa ta da miyau. Abin haushi, yana aiki. Sai dai kada ka karɓi aron wayarsa.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli ita kaɗai na ga ta zo da dalili. Hannunta kullum cikin man gyaɗa, gilashi ya yi maiƙo, lambar ciniki na zamewa. Ta ɗauki mafi araha, ta gwada a kan tata wayar nan take, ta taya, ta ɗaure shi da zare a bakin zane.

Sai saurayin da ya sayo tsohuwar Infinix Note 5 Stylus ta 2018 don alƙalaminta kawai. Yakan zaro shi a gaban 'yan mata a hankali, ya hure masa ƙura, ya buɗe WhatsApp, ya danne madannin murya da shi, ya kwashe minti biyar yana surutu.