Nasiha ga Mai Niyyar Zamiya a Zarmat

Ya kai ɗan'uwa, idan Allah Ya hore maka guzuri, har zuciyarka ta raya maka ziyarar Zarmat, ƙauyen nan na ƙasar Suwizalan da ke kwance a gindin dutsen Matahon, inda mutane ke ɗaura wa ƙafa dogayen katako biyu su sulalo daga kan tsauni bisa dusar ƙanƙara, to, ka sani al'amarin yana da farillansa da mustahabbansa, kuma jahiltarsu ba ta zama uzuri a wurin ƙashin ƙauri.

Farilla ta farko ita ce rabuwa da mota, domin ba a yarda mai shan fetur ta shiga garin ba; a ƙauyen Tash za ka ajiye ta, jirgin ƙasa ya ƙarasa da kai cikin minti 12. Fa'idar wannan a bayyane take: iska garau, ba hayaƙi, sai ƙananan motocin lantarki da keken doki. Illar garin kuwa aljihu ke jin ta, gama kuɗin shayi kofi guda kan sa baƙo salati.

Ka yi alwala tun kana ɗaki, kafin ka afka cikin riga uku, da safar hannu, da takalmin nan mai tauri kamar mari, wanda cire shi kaɗai aikin mutum biyu ne. Ga shi kuma yinin hunturu gajere ne a can, kana idar da La'asar Magariba na sallama. In an kawo narkakken cuku a tukunya, ka tambaya, don galibi da giya ake dama shi.

Sa'an nan ka nemi malami, ka durƙusa masa ko da ka haife shi. Zai ce ka karya gwiwa, ka karkata gaba alhali ranka na ce maka ka koma baya, ka haɗa kawunan katakon ka ware gindinsu, wannan shi ne birkinka. Hanyoyin kuwa launi ke bambanta su: shuɗiya ta almajirai, ja ta waɗanda suka yi nisa, baƙa ta gangaran ce, kada ka kusance ta don ka ga yaro ɗan shekara shida ya wuce ka fiu. Tsaunin nan ba ya wasa: a 1865, da Edward Whymper da abokansa suka fara taka ƙololuwar Matahon su bakwai, uku kaɗai suka sauko da rai.

In gwiwa ta ƙi, babu laifi, akwai rangwame. Hau jirgin ƙasa na Gonagirat, wanda ke aiki tun 1898, ya kai ka tudu mai mita 3,089, ka sa baƙin tabarau saboda ƙyallin ƙanƙara, ka zauna da shayinka yana tururi, Matahon na tsaye a gabanka shi kaɗai, fari fat, tsawonsa mita 4,478, har shayin ya huce ba ka kurɓa ba.