Gwanayen Kod, Ragwayen Bayani

Zariya garin rubutu ne. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na edita, kuma tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello take Samaru tana yaye masu alƙalami. Amma tari jikokinsu na yau, masu saɓe da jakar laftof tsakanin ƙofar jami'a da PZ a Sabon Gari, ka ce su rubuta shafi ɗaya na bayanin manhajar da suka ƙirƙira. Nan take kowa zai tuna yana da lacca.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka baje kod ɗinta a fili, galibi a GitHub, kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ƙara. Haka Linux ta taso tun 1991. Sai dai baƙo ba ya shiga sai da takardar bayani: wannan umarni me yake yi, me ake ba shi, me yake mayarwa, in ya ƙi kuma me ya hana. A kan wannan takarda halin kowa ke fitowa.

Shugaban jikokin nan shi ne Malam Ai-a-fili-yake. Gwani ne, ba a ja da shi. Yakan kwana yana buga kod ba ko gyangyaɗi, amma ka nemi bayani sai ya leƙo ka ta saman tabarau: "Haba ɗan'uwa, karanta kod ɗin mana, ai shi ke bayanin kansa." Ka buɗe ka tarar ya raɗa wa abubuwa suna x, da xx, da x na gaske. Bayan wata shida shi da kansa zai dawo, ya ƙura ido, ya ce wane marar tausayi ne ya rubuta wannan. GitHub kuwa ba ta rufa asiri, tana ajiye sunan wanda ya taɓa kowane layi. Sunansa ne daga sama har ƙasa.

Ƙanensa Sai-an-jima ya ɗan fi shi kunya. Shi ya buɗe fayil ɗin README, wato takardar bayanin, ya sa sunan manhaja da manyan baƙaƙe, ya liƙa tambari mai sheƙi, sannan ya rubuta cewa bayani na nan tafe. Ɗan ajin ƙarshe ne. Ya kare furojet gaban malamai, an yi hoto, ya tafi bautar ƙasa. Bayani har yau yana hanya.

Wanda ya fi cin rai shi ne A-tawa-tana-yi, don shi ya rubuta, har da lambobi: mataki na ɗaya, na biyu, na uku. Ka bi da ladabi, a na uku allo ya cika da jan rubutu. Ka kira shi, ya ce, "Ikon Allah! Wallahi a tawa tana yi." Ba ƙarya ya yi ba. Akwai abubuwa biyar da ya girka a kwamfutarsa tun yana aji biyu, ya manta da su, bai ambace su ba. Kwatancensa irin na wanda zai tura baƙo daga Samaru zuwa Sabon Gari ne ya tsallake Kwangila, don shi ya saba bi ido rufe. Wani lokaci ma misalan nasa na Python 2 ne, wadda aka daina kula da ita tun 1 ga Janairu 2020. Sai sabon ɗalibi ya kwafa, ta ƙi, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da ƙwaƙwalwar wannan sana'a. Wannan ɓarna ta fi rashin rubutun muni, kuma ba wasa nake ba a nan.

Ɗan-riga kuwa ba a ganinsa sai Oktoba. A watan ne ake Hacktoberfest, inda a da kamfanin DigitalOcean ke aika riga ga wanda ya tura gyara huɗu. Gyaransa na farko ya ƙara aya. Na biyu ya cire ta. A 2020 ire-irensa daga ko'ina a duniya suka yi wa masu kula da manhajoji ambaliyar gyaran banza, har aka sauya ƙa'ida tun watan bai yi nisa ba. Namu bai ji kunya ba, ya rubuta a shafinsa cewa shi mai ba da gudummawa ne na ƙasa da ƙasa.

Akwai Mai-bidiyo, wanda amsar layi biyu sai ya naɗa ta a minti arba'in, goma na farko gaisuwa ce da roƙon a danna ƙararrawa. Kafin ya iso wurin, datarka ta yi sallama. Akwai kuma 'yan majalisar WhatsApp da suka ƙudura fassara bayanin zuwa Hausa, niyya mai kyau, amma mako uku suna kan kalmar farko, an kafa kwamiti, biyu sun yi fushi sun fita.

Kada a manta da Oga na Sabon Gari, mai shagon gyaran waya da kwamfuta, wanda a ƙarshe shi ke amfani da kayan. Bai taɓa karanta bayani ba, ko an rubuta da zinariya. Kira zai yi ana tsakar sallar magariba: "Injiniya, abin naka ya ƙi." Me ya rubuta a allo? "Wani Turanci ne dai." Ana yi masa dariya a Samaru, amma ni ina ganin shi ne alƙali. Takardar da yaron shagonsa ba zai iya bi ba, ba ta gama nuna ba.

Sai ta ƙarshe, wadda ba ta da laƙabi don ba ta surutu. Takan ari kwamfutar da ba a girka komai a kai ba, ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta yi tuntuɓe ta rubuta. Ta cike matakin da aka tsallake, ta gwada kowane misali, ta faɗi sigar da yake aiki a kai. Ran taro a tafa wa Malam Ai-a-fili-yake, ita a ce ta taimaka da rubuce-rubuce. Alhali a 2019 Google ta buɗe shirin Season of Docs don a biya masu irin wannan aiki kuɗi.

Mai karatu, in ka ga kanka a sama, kada ka tsargu, yawancinmu mun taɓa zama biyu ko uku daga ciki. Buɗe README ɗinka a daren nan, ka miƙa wa ɗan aji ɗaya, ka zauna gefe ka kame bakinka. Inda ya tsaya, nan za ka fara gyara.