Yadda Ake Tantance Ƴan Wasan Ƙungiyar Gari Ba Tare da An Manta da Mai Bugun Fenariti Ba

Gasar babban hutu, wadda matasan Nijar suka fi sani da TGV, gasar ƙwallon ƙafa ce da unguwanni da ƙauyuka ke yi a tsakaninsu cikin watannin da makarantu ke rufe, kuma a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi wannan lokaci yana faɗowa ne tsakiyar damina, sa'ad da duk saurayin da ke da ƙarfin gudu yake riƙe da hauya tun hantsi. An tsara waɗannan shawarwari domin mutumin da aka ɗora wa rubuta sunayen ƴan wasa, wanda ake kira koci ko da bai taɓa zama ajin horarwa ba, kuma ba za a ɓata masa lokaci da bayanin cewa mutum 11 ne ke shiga fili ba, domin wanda ya taɓa riƙe takardar sunaye ya san ciwon kansa yana wajen sauran samarin da suka kewaye shi, kowa da takalminsa a hannu, kowa kuma da wanda ya aiko shi.

Shawara ta farko ita ce a ƙidaya waɗanda za su zo, a bar waɗanda suka iya. Gwanin da ya tafi cin rani Kano ko Agadas ko Libiya, wanda yake rantsuwa ta waya cewa yana kan hanya, ba a sa shi cikin lissafi sai an gan shi ya sauko daga mota da jakarsa. Wanda gonar mahaifinsa ba a yi mata maimai ba, wato noma na biyu da ake yi bayan gero ya tasa, shi ma rabin ɗan wasa ne, domin ranar da aka yi ruwa da dare babu uban da zai saki ɗansa saboda ƙwallo, kuma uban yana da gaskiya. Haka ranar kasuwa, wadda takan kwashe mai tura amalanke da ɗan kabu-kabu da mai jiran shagon yayansa a lokaci guda, ta bar koci da yara uku da gwanin surutu ɗaya.

Shawara ta biyu ita ce a raba takardar ƴan wasa da takardar masu ba da gudummawa, kuma a nan ne yawancin ƙungiyoyi ke mutuwa tun ba su taka fili ba. Kowace unguwa tana da mai hali guda wanda ya sayi riguna, ya sayi ƙwallo, ya yi alkawarin kuɗin mota, kuma babu mai musun alherinsa, sai dai alherin yakan zo da ɗan ƙanwa a bayansa. Yakan kira koci gefe bayan sallar la'asar, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Malam, ga yaron nan ɗan wajen Hajiya, a ba shi lamba tara, a gida ma ba ya barin ƙwallo ta huta." Koci kuma, da yake cikin rigar da mutumin ya saya yake tsaye, ba ya da abin faɗa sai, "Ranka ya daɗe, Alhaji, za a duba." Ba a taɓa jin an kawo ɗan ƙanwa domin ya tsare baya ba, ba a taɓa jin an roƙa masa tsaron gida ba, kullum lamba tara ce ko lamba goma, domin su ne lambobin da ake gani a gidan kallo ranar da Real Madrid ke karawa da Barcelona. Sakamakon haka shi ne ƙungiya ta tashi daga Kanambakashe ko Korgom ko Urafan da masu cin gaba bakwai, waɗanda babu ɗayansu da ke miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo, da ƴan baya biyu da aka tilasta wa, da mai tsaron gida wanda aka zaɓa saboda shi ne ya zo a makare. A fadar shayi kuma za a kwana ana yabon wanda ya yanke mutum uku ya buga ƙwallo cikin gonar wake, alhali babu wanda ya tambayi ko akwai mutum biyar a ƙungiyar da za su iya ajiye ƙwallo a ƙasa, su ja da baya, su saka ta a raga idan gari ya yi tsit.

Wannan sakaci yana da ɗan'uwa a Amurka. Ƙwallon Amurka wasa ne da ake ɗaukar ƙwallo a hannu ana ture juna, kuma a babbar gasarsu ta NFL, mai ƙungiyoyi 32, kowace ƙungiya tana riƙe ƴan wasa 53, waɗanda a cikinsu mutum ɗaya ne aikinsa bugun ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin sanduna biyu. Idan aka kai ƙwallo ƙarshen fili da hannu ana samun maki 6, shi kuwa mai bugu yana kawo maki 3 idan ya buga daga cikin fili, ko maki 1 na ƙari bayan an ci, kuma yakan shafe kusan dukan wasan a gefe yana jira. A zaɓen sababbin ƴan wasa da ake yi kowace shekara cikin zagaye bakwai, da wuya ƙungiya ta ɗauki mai bugu da wuri, shi ya sa har yau ake tuna cewa Oakland Raiders ta ɗauki Sebastian Janikowski a zagayen farko a 2000. Amma idan aka buɗe littafin waɗanda suka fi tara maki a tarihin gasar, masu bugu ne suka cika samansa, Adam Vinatieri na kan gaba da maki 2,673, kuma shi ne ya buga ƙwallon da ta ba New England Patriots kofinta na farko a Fabrairun 2002, daidai lokacin da agogo ya ƙare. Mutumin da aka fi raina wa gurbi shi ne ake nema da ido idan wasa ya tsuke, kuma kocin da ke Mayahi ya fi na Amurka buƙatar gane haka.

Dalili kuwa yana cikin yanayin gasar kanta. Da zarar an wuce wasannin rukuni, wanda aka ci ya tafi gida, ana fara wasa bayan la'asar a kuma so a gama kafin magariba, saboda haka ba kasafai ake samun ƙarin lokaci ba, kunnen doki na nufin a tafi bugun fenariti kai tsaye. Filin kuma jigawa ne, irin yashin da ya shimfiɗu a kewayen Gulbin Kaba, wanda ke shanye gudun ƙwallo ya kuma shanye ƙafar ɗan wasa, har ƙungiyoyi biyu su yi ta fama babu wanda ya ci. Ƙungiyar da ke son kofi a irin wannan wuri tana iya tsammanin za ta tsaya bugun fenariti kafin ta kai ƙarshe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawara ta uku, saboda haka, ita ce a gwada masu bugu tun kafin gasa, kuma a gwada su bayan sun gaji, domin bugun da aka yi da sanyin safiya ba ya nuna abin da ƙafa za ta yi bayan ta sha yashi. A auna mita 11 da igiya, domin nan ne doka ta ajiye wurin bugu, kamar yadda ta ajiye faɗin raga mita 7.32 da tsawonta mita 2.44. Dole ne a tsaya kan batun igiyar nan, domin abin da ake gani a filayen ƙauye ya isa ya sa mai haƙuri ya ɗaga murya. Alƙalin wasa yakan auna da taku, kuma takunsa yana tsawo ko ya gajarta gwargwadon garin da ke bugu da garin da zai kwana a ciki. Bayan bugu na uku wurin ajiye ƙwallon ya zama rami, mai bugu ya durƙusa yana tara yashi da tafin hannu domin ya ɗaga ta, mai tsaron gida ya fito ya rushe tarin da ƙafa yana yi masa fatan alheri. Sandunan raga itacen dogonyaro ne, na sama kuma sau da yawa igiya ce da ta saki a tsakiya, don haka duk ƙwallon da ta tashi sama ta zama shari'a, rabin jama'a sun ga ta shiga, rabi sun ga ta fita, kowa kuma a shirye yake ya rantse. Ƴan kallo sun bar gefen fili sun yi zobe, yara sun tsuguna a bayan raga suna kiran sunan kakar mai bugu, wani ya kunna fitilar babur yana haska masa ido da sunan taimako. Wanda zai ci ƙwallo a cikin wannan hali jarumi ne, kuma abin takaici ne a ce sai a wannan minti ake fara waige-waige ana tambayar wa zai je.

Daga nan sai batun jeri, wanda ya kamata ya zama shawara ta huɗu, ko da yake rabinsa na ta uku ne. Kada a ajiye gwani a bugu na biyar. A wasan ƙarshe na kofin Afirka da aka yi a Yawunde a Fabrairun 2022, Masar ta ajiye Mohamed Salah a ƙarshen jeri, Senegal ta gama da ita da ci 4 da 2 kafin layi ya iso kansa, kuma wanda ya buga ta ƙarshen shi ne Sadio Mané, wanda aka tare masa fenariti tun farkon wasan bai kuma ɓuya ba. Kada kuma a tsaya a mutum biyar, domin a 1992 a Dakar sai da Kodebuwa ta kai 11 da 10 kafin ta raba gardama da Ghana, a 2015 kuma ƙasashen biyu suka sake kaiwa 9 da 8, inda mai tsaron gidan Kodebuwa, Boubacar Barry, ya tare bugun takwaransa sannan ya ci nasa. Doka ta ce waɗanda ke cikin fili lokacin da aka busa tashi su kaɗai ne ke bugawa, ke nan kocin da ya fitar da mai natsuwa domin ya shigar da ɗan ƙanwar Alhaji a mintunan ƙarshe ya zaɓi mai bugunsa ba tare da ya sani ba.

Mai tsaron gida ya cancanci babi nasa, sai dai ga shi wuri ya fara ƙarewa. Ya isa a tuna cewa Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, wadda ta je kofin Afirka a 2012 da 2013, ta samu makinta na farko a gasar ne da canjaras babu ci da Kongo ta Kinshasa a 2013, ranar da mai tsaron gidanta Kassaly Daouda ya yi ta tare ƙwallaye. A ƙauye kuwa ana son yaro ya yi tsalle ya faɗi kan ƙarangiya da tsidau babu safar hannu, in ya tare a ce mai bugu ne ya lalata, in ta wuce shi a ce dama rariya ne. A saya masa safa. A share masa gaban raga kafin wasa.

Ƴan baya a nemi masu jin magana. Ƴan tsakiya a nemi masu numfashi. A kawo ruwa a jarka, kada a dogara da mai sayarwa. Shawarar da ta shafi shekarun ƴan wasa da takardun haihuwa an bar ta, domin babu mai bin ta.

Abin da ba za a bari ba, ko lambarsa ta nawa ce, shi ne yadda ake yi wa wanda ya ɓarar. Da alƙali ya busa tashi, manyan ƴan gaban da suka cika fada da baki sukan fara ɗingishi, wani ya kwance igiyar takalmi, wani ya kwanta yana riƙe da cinya, sai wani yaro mai kunya daga baya ya ɗaga hannu domin kada garinsu ya rasa mai zuwa. Idan ya ci, washegari sunan mai lamba tara ake yi. Idan ya ɓarar, ya shiga uku, domin za a laƙaba masa suna, a bi shi da shi har gona, har tashar mota, har wurin neman aure, kuma waɗanda suka fi kowa zaginsa su ne waɗanda suka ɓuya. Wannan zalunci ne, kuma yana cinye ƙungiya daga ciki, domin duk ƙanen da ya ga abin da aka yi wa yayansa ya koyi kada ya ɗaga hannu baɗi. A Janairun 1991 Scott Norwood, mai bugun ƙungiyar Buffalo Bills ta NFL, ya buga daga yadi 47 saura daƙiƙoƙi a tashi wasan ƙarshe, ƙwallon ta kauce dama, New York Giants ta ɗauki kofi da maki 20 da 19, amma da ƙungiyar ta koma gida jama'ar da suka taru tarbarta sun yi ta kiran sunansa har sai da ya fito ya yi musu magana. Garin da ya yi asarar kofin da duk Amurka ke kallo ya iya wannan, don haka unguwar da ta rasa rago ɗaya da saitin riguna ba ta da hujjar kasawa. Koci ne ya kamata ya fara isa wurin yaron, ya ɗaga shi, ya kuma rubuta sunansa a bugun farko na wasa mai zuwa, sannan ya faɗa wa mai ɗingishin ƙarya a gaban kowa cewa an gan shi.

Kuɗin motar komawa gida kuwa a karɓe shi a hannu tun kafin a tashi, a damƙa wa direba rabi, a ɗaure sauran a aljihun kyaftin, domin wayar Alhaji ba ta shiga bayan an fitar da ƙungiya, kuma daga Maijirgi zuwa Tasawa da ƙafa, bayan bugun fenariti, tafiya ce mai nisa ga mutum ashirin da ba sa magana da juna.