Zuwa ga Tsohuwar Tirelar Gonarmu

Ranki ya daɗe, Iya Tirela,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da dattijuwar da ta shigo gidan nan tun mulkin Shagari, lokacin da ake ta yayata shirin bunƙasa noma na 1980, ina fata kin huce gajiya. Mu dai har yanzu gwiwoyinmu rawa suke yi.

Maganar abin da kika yi mana yau da safe ce, a hanyar kasuwar Dandume. Tarakta ta ƙi tashi, aka ɗaura ki a bayan a-kori-kura da buhun masara talatin. Ana tafiya lami lafiya, direba ya ɗan ƙara wuta, sai kika tuna ƙuruciya. Kika karkata hagu, kika dawo dama, kowane zuwa ya fi na baya faɗi, har gindin motar ya fara bin ki. Wani mai babur ya faɗa cikin dawar mutane don kansa, bai jira a roƙe shi ba.

Haba Iya, rangaji a waɗannan shekaru?

Bakanike ya shiga ƙarƙashinki ya fito yana salati. Ramin da ake zura ƙusar jan ki, wanda a da zagaye yake, ya cinye ya koma kamar ƙwai. Ita kanta ƙusar wani siririn ƙarfe ne da ke iyo a ciki. Sandunan da ke juya ƙafafunki na gaba sun yi sako-sako, boris bai ga giris ba tun ran gini tun ran zane. Kowannensu wasa kaɗan yake yi, amma da an hau kwalta sai su haɗa kai: ƙafar gaba ta kauce, sandar ja ta fizgo ta, ta wuce inda ake so, a sake fizgowa. A tafiyar tarakta wannan munafunci ba ya fitowa, shi ya sa shekara da shekaru muke ɗaukar ki mutuniyar kirki. Ashe gudu ne ba a taɓa gwada ki da shi ba.

A Amurka, irinki sai an manna mata alama mai kusurwa uku, ruwan lemo, mai shaida cewa ba ta wuce mil 25 a awa, kusan kilomita 40. Ke alamarki reshen darbejiya ne, shi ma akuya ta ci rabi.

Kuma ke ba birki, ba fitila, ba sarƙar da za ta riƙe ki in ƙusa ta fice. Tayoyinki huɗu, kowace ubanta daban, iskarta daban. Yara sun jibga kayan a wutsiya, sun gina sama, na ji, wannan ba laifinki ba ne. Amma tan uku na masara, ga naki nauyin, kin fi motar da ke jan ki ƙarfi nesa ba kusa ba, to wa ke jan wa? Da direban nan ɗan koyo ne ya danna birki, da kin turo mu kin naɗe motar, yanzu ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Allah ya sa tsohon hannu ne. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari cak bai biye miki ba, har kika gaji don kanki. Kika tsaya shiru, wai ke salihar baiwa. Tir!

To ga hukunci. Gobe mai walda zai cike ramin nan a huda sabo, a sa ƙusa daidai bakinsa da makulli a ƙasa. Za a ɗaure sanduna, a cika boris da giris, mai faci ya daidaita iska, a sa sarƙa. Kaya a shimfiɗa su ƙasa-ƙasa, masu nauyi ta gaba. Bayan tarakta kawai za ki bi, da rana tsaka, tafiyar dattawa.

In kuma kika sake ko girgiza kafaɗa, 'yan gwangwan na zuwa ranar kasuwa, kuma su a kilo suke saye, ba sa tambayar shekaru.

Naki, wanda ya dawo gida a ƙafa,
Ɗan autan gidan.