Kwaɗon Fam 45

A inda na taso, bishiya ba ta zaman banza. Kuka ta ba ka miya, ɗorawa ta ba ka daddawa, tsamiya ta gyara kunu, darbejiya ta yi inuwa ta ƙara da maganin zazzaɓi. Wadda ta kasa duk waɗannan, gatari ne mijinta, ko ba komai ta dafa tuwo. Da wannan tarbiyya na sauka a garin Luton na Ingila, a gidan haya mai 'yar farfajiya a baya, wadda in ka shimfiɗa tabarma biyu sai mutum na uku ya tsaya a ƙofar kicin.

Yara ne suka ja mini. Sun ƙwallafa rai a kan zumar nan ta Kanada da ake zuba wa fanke, ga tsada, ga kwalbar ba ta kwana. Da na ji cewa daga jikin bishiyar mefil ake tatso ta, wadda ganyenta ke kan tutar Kanada tun 1965, sai jinin fatauci ya motsa. A watan Afrilun 2022 na shiga wurin masu sayar da shuke-shuke, na ga wata 'yar gajeruwa mai jan ganye a tukunya, an rataya mata takarda: mefil, samfurin Shaina. Na ƙirga fam 45 na miƙa, ina lissafin kwalba nawa zan riƙa aika wa 'yan'uwa a Landan.

Uwargida ta leƙo ta taga, ta karanta takardar, ta ce, "Malam, har da suna? To, Allah ya sanya alheri. Amarya barka da zuwa." Tun daga ranar sunan ya bi ta.

Maƙwabcina wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya, ba shi da aiki sai lambu da leƙen katanga. Da na ba shi labarin kamfanin zuma, ya yi dariya har sai da ya dafa shinge. Ya ce mai zumar daban take: ƙatuwa ce da kan haura mita 25, sai ta kusa shekara 40 kafin a fara huda ta, kuma sai an tafasa ruwanta wajen lita 40 kafin a samu lita ɗaya, a ƙasar da ƙanƙara ke daskarewa da dare ta narke da rana. Tawa kuwa 'yar Japan ce, masana na ce mata Acer palmatum. Wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Carl Peter Thunberg, wanda ya je Japan a 1775, shi ya raɗa mata sunan, kuma wajen 1820 ta iso Ingila. Akwai samfurinta fiye da 1,000, tawa tana cikin wadanni, da ƙyar za ta wuce tsayina ko an shekara goma. Na ce, "To, Baba, me take yi?" Ya ce, "Kyau." Na jira sauran bayani, ashe ya gama.

Na ce ba komai, ai tarbiyya ake yi. Na ɗora ta a inda rana ta fi ƙwallewa, don ban taɓa jin bishiyar da ke gudun rana ba. Ina ba ta ruwan famfo safe da yamma. Da Babbar Sallah ta zo, ranar 9 ga Yuli, muka gasa nama, na kwashe tokar gawayi na zuba mata a gindi yadda kakata ke yi wa kabewa. Kwana goma bayan haka Ingila ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, jajibirin ranar kuma kwaltar filin jirgin Luton ta yi lahani har aka dakatar da tashin jirage. Ni da na yi azumi a Sakkwato a tsakiyar bazara, dariya nake wa Turawa. Amarya ba ta taya ni dariyar ba. Ganyenta ya ƙone daga gefe, ya nannaɗe, ya koma ruwan ƙasa.

Dattijo ya zo duba marar lafiya, ya jero mini laifuffuka sai ka ce a gaban alƙali. A duwatsun Japan da Koriya, in ji shi, a ƙarƙashin manyan bishiyoyi take fitowa, don haka ranar safe take so da inuwar azahar, kuma iska mai ƙarfi na busar da ganyenta da sauri fiye da yadda saiwarta ke iya jawo ruwa, tunda saiwar a sama-sama take. Tana son ƙasa mai ɗan tsami, toka kuwa kashe tsamin take yi. Ruwan famfonmu daga ƙarƙashin duwatsun alli yake fitowa, shi ya sa butar shayi ke yin farin dafi, saboda haka ruwan sama ya fi mata. Ba ta son ƙishi, ba ta son jiƙa, ba ta son taki da yawa. Aski ma sai tsakanin Nuwamba da Janairu, in ba haka ba ta yi ta zubar da ruwan jikinta. Ni dai har gobe ina ganin duk wannan a takardar ya kamata a rubuta, maimakon suna.

Haka na koma bawa. Na sayi sabuwar ƙasa, na ja tukunya zuwa gindin katanga, na jera bokitai ƙarƙashin indararo ina roƙon ruwa a ƙasar da kowa ke tsine masa. Uwargida, da tsohon cikinta, ta tsaya tana kallo. "Malam, ni dai tunda aka kawo ni ba ka taɓa tara mini ruwan sama ba."

Amarya ta murmure. A Oktoba, da dare ya fara sanyi rana na haske, koren da ke ɓoye cikin ganyen ya janye, ja ya fito wur kamar an kunna wuta. Wannan makon ne duk ribar shekarar. Dominsa mutane ke cika haikalan Kiyoto a Nuwamba, dominsa ake biyan kuɗin shiga gandun bishiyoyi na Westonbirt a nan Ingila. Na ɗauki hoto na tura zauren WhatsApp na dangi. Kafin la'asar Kawu ya kira daga Zariya, murya ƙasa-ƙasa. "Kai, wannan ganyen mai yatsu bakwai fa? Ka ji tsoron Allah, kana da iyali. In kuɗi ne suka yanke maka, ka faɗa." Na rantse, na maimaita, na karanto masa sunan Thunberg. Ya ce ai duk mai harkar yana da Baturen da ya koya masa.

A cikin makon uwargida ta sauka, surukata Hajiya ta iso don wankan jego. Mace ce mai tattali, ba ta iya ganin ganye a tsaye tukunya na zaune. Na dawo daga aiki wata Laraba na tarar an ajiye mini kwano a rufe. Daga bayan labule ta ce, "Sannu da aiki. Na ga ramar taku ta nuna za ta lalace, shi ne na ɗan kwaɗanta muku. Irin ta nan ba ta da tsami, amma na sa ƙuli da yawa."

Na leƙa taga. Amarya na tsaye tsirara, sai tsinke.

Wanda ya san kunyar suruki ya san babu kotun da zan kai wannan ƙara. Na durƙusa, na ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya, an gode." Na yi bisimilla. Bauri ne zalla, da kaushi, ganyen na maƙale wa a haƙori. Uwargida ta cusa fuska cikin zanin jariri, kafaɗunta na rawa. Hajiya ta ce a ƙaro mini tunda na ji daɗinsa. Aka ƙaro.

Washegari dattijo ya kankare ɓawon wani reshe da farce, ya nuna mini kore a ciki. Ya ce da ranta, ganyen ma dama makonni kaɗan suka rage masa ya zube da kansa. Sai dai a tukunya saiwa ba ta da mafaka daga ƙanƙara. Saboda haka da jaurar Disamba ta sauko da dusar ƙanƙara, Hajiya ta gan ni da idonta cikin dare ina naɗe tukunya da leda mai kumfa, na ɗora tsohon bargo, na ɗaure da igiya. Ba ta ce komai ba. Sai da ta koma gida labari ya dawo mini cewa mijin 'yarta mutumin kirki ne, amma a riƙa sa shi a addu'a, don rama yake lulluɓa wa bargo.

Da Afrilu ya zagayo Amarya ta fitar da sabon ganye, ja fes, ko gaisuwa babu. A nan ne dattijo ya ba ni wani labari: a garin Mino kusa da Osaka, ana tsinke ganyen wani samfurin mefil mai ruwan ɗorawa, a jiƙa shi cikin gishiri shekara guda, a tsoma a ƙullu mai zaƙi, a soya, a sayar wa baƙi. Uwargida ta kasa riƙe bakinta, ta faɗa wa Hajiya a waya. Na ji muryarta tana tashi daga Zariya: "Ai na san ana ci! Gishiri ne ban sa da wuri ba. Ki ce masa kada ya taɓa na bana, ina nan zuwa da gero."