Takardar Ajiye Aiki Zuwa Ga Kashi Na Ɗaya

Zuwa ga Kashi na Ɗaya, na shirinmu mai dogon zango wanda har yau bai ci zango ko ɗaya ba.

Ina fatan kana lafiya a duk inda kake, ko a cikin memorin da aka manta a motar Malam Madori, ko a cikin kwamfutar mai tace hoto da ta ƙi tashi tun damina. Rashin sanin inda kake kwana ne ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Wataƙila ba ka gane ni ba, don ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba. Ni ne gawa ta uku daga hagu. Ni ne kuma mai riƙe sandar makirufo, mai jan janareta, mai korar yara daga gaban kyamara, kuma mai ba da bashin kuɗin fetur. Na shigo aikinka bayan ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya cinye mini shinkafa ina ji ina gani, na rasa abin yi sai zaman majalisa. Ranar nan Darakta ya zo ya ce za a yi wa talabijin shiri a kan yaƙin da Haɗeja ta yi da Turawa a watan Afrilun 1906, wanda Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa. Ya ce aikin sa kai ne, na kishin gari, babu ko sisi yanzu, amma in tashar Kano ta saya kowa zai dara. Wane Bahaɗeje ne zai ji an ambaci Mai Shahada ya noƙe? Na miƙe tsaye na ce a rubuta sunana.

Ga abin da ke ɗaure mini kai. Shi ainihin yaƙin, da dawakinsa da bindigoginsa, a yini ɗaya aka yi shi aka gama. Mu kuwa da muke kwaikwayonsa mun shiga shekara ta uku, Turawan ba su ma iso ƙofar gari ba. Baturen namu, wani yaro fari da aka samo daga Gumel, ya yi aure ya yi ƙiba, kakin ya daina shigarsa.

Sau bakwai na mutu saboda kai. Na farko an ce rana ta yi yawa. Na biyu wani ɗan acaɓa ya ratso ta tsakiyar fagen fama, har yana yi mana sannu da aiki. Na uku ya yi kyau ƙwarai, na faɗi kamar buhun gero, har Darakta ya share ƙwalla, sai daga baya aka gane ba a danna kyamarar ba. Na huɗu da na biyar batir. Na shida dokin da muka aro aka zo aka karɓe, mai shi yana da hawan angwanci. Na bakwai kuwa ina kwance a kan turɓaya, idona a rufe, ina jiran a ce kot, ashe gardama ta kaure tsakanin Darakta da Furodusa a kan wanda sunansa zai fara fitowa a allo, kowa ya bi su gindin tsamiya don raba faɗa. Cinnaku ne suka sallame ni daga lahira.

Kada ka ce ban san aikin sa kai ba. A gayya na tashi. Amma ita gayya, mai gona yana faɗin rana tun mako guda, an san gonar, an san inda za a faro kunya da inda za a tsaya, ga makaɗi, ga ƙwaryar fura ta iso kafin hantsi ya dubi ludayi, kafin la'asar kowa ya saɓa fartanyarsa ya nufi gida. Taka gayyar babu rana, babu fura, makaɗin ma shi ne mai gona. A gurup ɗinmu na WhatsApp sai a rubuto da ƙarfe ɗayan dare cewa gobe akwai lokeshan bayan asuba, kowa ya zo da rawaninsa. In je in tarar da kaina ni kaɗai da sandar makirufo, kamar mai kamun kifi a tudu. Wajen azahar Darakta zai ɓullo yana tambaya ko akwai wanda ya ga takardar labarin. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ranar tafiya muke shuka duman.

Kuma tashar Kano ɗin nan, wace ce? Da farko an ce ana magana da manya. Daga baya aka ce ai zamani ya wuce talabijin, a YouTube za mu saka, tunda masu Izzar So ma can suka yi suna. Na bincika, ashe kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Mabiyanmu ba su cika motar haya biyu ba, rabinsu kuma gawarwakin shirin ne. Masu Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Darakta ke yawan ambata, ai su suna da ofis da jadawali da albashi. Mu abin da muka gada daga gare su shi ne ihun “akshan”.

To, ga dalilin wannan takarda. Ruwa ya janye daga fadama, sanyi ya fara busowa, alkama kuwa ba ta san uzuri ba. In ba ka zuba iri tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba ba, zafi zai riske ta tana fitar da kai, ka tashi da kara. Bara haka ta faru da ni, ina can ina mutuwa ta biyar. Ga ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwan da ke zuwa gonata. Dattawa sun ce da can, kafin a datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kogin nan yana kawowa da ƙarfi ya wanke hanyarsa, da rani ya ƙafe ƙaf ciyawa ta mutu. Yanzu ruwan ba ya ƙafewa sosai, ita kuma ta samu wurin zama, ta zama masaukin jan-baki, masu sauka a kan shinkafa kamar an yi musu goron gayyata. Yankanta sai da lauje, cikin ruwa har ƙirji, kuma ba a taɓa jin an yanke ta ta WhatsApp ba. Ga injin ban-ruwa, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yake shan fetur kamar yana shan jinina. Galan ɗin da nake zuba wa janaretanka shi ne na injin. Taura biyu ba ta taunuwa.

Uwargida ma ta yi magana. Ta ce ita ba ta hana ni shahada ba, amma a riƙa yi bayan an ajiye kuɗin cefane. Mai shagon unguwarmu kuma ya daina kirana jarumi, ya koma kirana da lambar shafin da sunana yake a littafin bashi.

Ba na ƙin ka, Allah ya sani. Labarin nan ya cancanci a yi shi, yaranmu suna wucewa ta gefen ragowar ganuwa ba su san abin da aka yi a bayanta ba. Akwai wata yamma da muka ɗauki mahaya biyar suna fitowa daga ƙura, rana tana faɗuwa a bayansu, tsigar jikina ta tashi. Wannan ma yana cikin memorin da ya tafi Malam Madori.

Sandar makirufo tana wurin mai shayin bakin tasha, na ce kada ya bayar sai an biya shi kuɗin ƙwai goma sha biyu da aka ci da sunanka. Rawanin na Baffana ne, na mayar masa. Bashin fetur kuwa na yafe rabi, sauran rabin a kawo mini gona, ta hanyar Auyo, a tambayi mai injin da ke tari. In an zo ɗaukar fagen fama an ga gurbi a hagu, a matso da gawa ta huɗu, ya daɗe yana neman ƙarin girma.

Naka har kullum,
Gawa ta uku daga hagu,
Haɗeja.