Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Faso

Zuwa ga Mai Girma Faso, Sarkin Dunduniya, Magajin Kaushi, baƙon hunturu mai shigowa babu sallama.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki, da tambayar lafiyar 'yan fada, su Kaushi da Kanta, mai wannan takarda yana neman izini ya kawo ƙara. Ƙarar a kanka take, kuma gabanka ya kawo ta, domin ya rasa alƙalin da huruminsa ya kai ƙasan idon sawu.

Yau da asuba abin ya faru. Mai ƙara magidanci ne mai furfura a gemu, irin waɗanda ake matsa wa su shiga sahun gaba. Ya yi alwala da ruwan randa, ya zura silifa, ya ɗaga ƙafa kada raka'a ta wuce shi. A ƙofar masallaci ya ji tsas! a dunduniyar dama. Ya daure ya shiga. To, ranka ya daɗe ka san yadda sujada take: goshi a ƙasa, tafin ƙafa kuwa a baje gaban duk wanda ke sahun baya. Ana sallamewa wani yaro da ko gashin baki bai fara ba ya matso, ya yi raɗar da har ladan sai da ya waiwayo: "Baba, ƙafarku na jini, ta ɓata kafet." Dattijo da girmansa ya ƙare da neman tsumma.

Wannan ya zo ne bayan gargaɗin uwargida, wadda ta gaji da jin ƙarrr duk lokacin da ya juya cikin bargo. Hukuncinta gajere ne: "Malam, ko safa ko tabarma."

Mai ƙara bai zo hannu rabbana ba, ya binciki asalinka. Ya gano ba kai kaɗai kake aiki ba, kana da ɗan rakiya daga arewa maso gabas. Iskar hunturu da ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana busar da komai tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu, har laimar iska a Kano da Katsina da Damagaram takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe, amma dunduniya ta fi kowa shan wuya, kuma da dalili. Fatar tafin ƙafa ba ta da ƙofofin da ke fitar da maiƙo irin na fuska ko na kai. Gumi kawai take fitarwa. Idan ta yi kauri ta zama kaushi, ta daina miƙewa. A ƙarƙashinta kuma akwai matashin kitse da ke bajewa gefe duk lokacin da mutum ya taka. Kitse ya baje, busasshiyar fata ta ƙi bin sa, sai ta dare. Nan ne fadarka. Silifa da fade, da ba su da bayan da zai riƙe dunduniya, su ne dogaranka. Tsayuwar yini a kasuwa, da ƙiba, da yawo ba takalmi a kan siminti, su ne masu biyan ka haraji.

Ƙafa guda tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, duk suna aikinsu shiru babu wanda ya san da su. Kai kaɗai ne, tsagar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ka mayar da mai tafiyar ƙasaita ɗan ɗingishi.

Kai Faso, wai me aka yi maka ne?

Dubi abin da ka mayar da mutane. Mai ƙara ya ga ɗan dako a bakin tasha ya ɗora ƙafa kan gwiwa yana ɗinke dunduniyarsa da allura da baƙin zare, kamar mai gyaran buhun gero. Ya ga wanda ke ɗiga sufa-gulu a cikin tsaga yana hurawa da baki. Wani narkakken kyandir, wani baƙin mai na inji, wai yana kashe ƙwayar cuta. Mafi yawa kuwa reza ce: a zauna a rana a yi ta feƙe kaushi har sai an ga ja, sannan a ce an yi tsafta. Fata ba ta yafe wannan. Inda aka yanke ta da ƙarfi, nan take sake yin kauri, ga kuma ƙofa an buɗe wa cuta. Kada a ma yi zancen mai yankan farcen da ke yawo da almakashi yana ƙyas-ƙyas, wanda ƙarfen da ya kankare ƙafar wani da shi ɗazu shi zai ɗora a ta na gaba. Cutar hanta, nau'in B da C, ta jini take bi, kuma ba ta tambayar nawa aka biya.

Abin haushin, maganinka ba ya da tsada. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na kamar minti 10, a goge a hankali da dutsen goge kaushi, a tsane, a shafa man kaɗanya ko basilin tun fata na da danshi, a sa safa a kwanta. Wanda ya samu hali ya nemi man shafawa mai sinadarin yuriya, na kashi 10 zuwa 25 cikin 100, a kemis. A sa takalmi mai rufin baya. Shi ke nan. Amma namiji a ƙasar nan ya gwammace ya ɗinke ƙafarsa da zare da a gan shi yana shafa mai, wai aikin mata ne. Wannan girman kan shi ke ciyar da kai.

Sauran 'yan gidanku ma mai ƙara bai manta da su ba. Cin-ruwa, mai jiƙa tsakanin yatsu ya sa ƙaiƙayi da wari, naman gwari ne, maganinsa tsane tsakanin yatsu bayan alwala da man kashe shi. Farce mai shiga nama yawanci daga yanka shi ake a zagaye har cikin kusurwa, ko matsattsen sau-ciki na gwanjo. Ciwon dunduniyar nan mai soka a takun farko na safe, jijiyar tafin ƙafa ce ta gaji. Su dai suna da kunya, sukan tsaya inda aka ajiye su.

Kai ne ba ka da ita. Domin duk wannan abin dariya ne a ƙafar mai lafiya. A ƙafar mai ciwon suga kai ɗan ta'adda ne. Suga idan ya daɗe yana hawa yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya rage gumi, ya ƙuntata hanyoyin jini. Fata ta ƙara bushewa, ka shigo, mai ƙafar bai ji ba. Ya taka ƙusa bai ji ba. Ya miƙa ƙafa gaban kaskon gawayi yana jin ɗumi, ta ƙone, bai ji ba, sai jikarsa ce za ta ce tana jin ƙauri. Tsaga ta zama gyambo, gyambo ya kai ƙashi. Wani nazari da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma mafi yawan ƙafafun da ake yankewa saboda suga da ɗan gyambo suka fara. A gida kuma sai a ce daji ne, ko an taka sammu, a yi ta barbaɗa gari har ƙafa ta yi baƙi. Ranar ciwon suga ta duniya 14 ga Nuwamba ce, daidai lokacin da kake ɗaure kayan tahowa, kuma mai ƙara bai ɗauki wannan a matsayin katari ba.

A Amurka da Ingila akwai likitocin da ƙafa kaɗai suka karanta, ita ce sana'arsu. A nan irinsu ba su da yawa, amma ba a rasa wurin zuwa ba: sashen masu ciwon suga da na likitocin fata a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala idan matsalar ta ƙashi da gaɓa ce, ko babban asibitin da ya fi kusa. Akwai ɗan gwaji da ake yi da siririn zaren roba, a dangwala a tafin ƙafa a tambayi mutum ko ya ji. Ba ya cin minti biyar, kuma ana son mai suga ya yi shi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Tunda kai ba ka jin magana, sauran takardar ta masu karatu ce. Duk tsagar da ke zubar da jini ko ruwa, ko ta yi ja ta kumbura tana zafi, ko ta ƙi rufewa bayan mako biyu ana shafa mai, ta wuce aikin gida. Haka ƙafar da ke yin sanyi ko canza launi, ko mai jin kamar ana tsira masa allurai, ko wanda ƙusa ta soka, don yana buƙatar allurar tetanos. Mai ciwon suga kuwa ba ya jiran mako biyu, ba ya jiƙa ƙafa a ruwan zafi, ba ya kusantar reza. Ya duba tafin ƙafarsa kullum, da madubi ko da idon ɗansa, ya zazzage takalmi kafin ya sa. Ya ga tsaga ko ƙurji yau, gobe da safe ya kasance a layin ganin likita.

Naka, ba don yana so ba,
Mai ƙara daga sahun gaba.